Duwatsun da Na Kawo wa Gwaggo Ramatu

Ni ne na yi laifi, ba Gwaggo Ramatu ba. Na fara da wannan ne don kada waninku ya karanta rabi ya ajiye, ya tafi da abin da ya saba ji. Kun taso kuna ganin ana rage murya in an ambaci sunanta, kuma na san akwai wadda a cikinku aka taɓa yi wa gori da ita a bakin famfo. Gwaggona ba mayya ba ce. Duwatsun da aka samu a ɗakinta ni na kawo mata su da hannuna, kuma ranar da aka tambaye ni a gaban jama'a, na ce ban san su ba.

Yayar mahaifina ce. Mahaifiyata ta rasu ina kan nono, sai Gwaggo ta je Djougou ta goyo ni ta kawo ni Parakou, inda take auren wani mai fataucin goro. Mijin ya rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, muka rage ni da ita a ɗaki ɗaya cikin gidan haya. Wasa-wasa, wato dambun garin doya, take sayarwa a bakin tasha, inda manyan motoci ke lodin kayan da jirgin ƙasa ya sauke. Direbobin Nijar ba sa kama hanya sai sun ci nata, don ita kaɗai ke turara garin doyar sau biyu, kuma ba ta rowar mai da yaji. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kirana Idrisu ba, sai dai Babana. Da kuɗin wasa-wasan nan ta sa ni lakwal har na iya karatu da rubutu, da shi kuma na yi yaron mota har na samu takardar tuƙi.

Ina saurayi juyin juya hali ya zo. Aka sauya sunan ƙasa, aka sauya tuta, kowa ya zama kamarad, har limamin unguwa in ya je ofis. Ni ina jan kamiyo, babbar motar kaya, ta wani kamfanin jigila na gwamnati, daga Parakou zuwa Nijar. Da aka kafa komiti a unguwarmu, aka sa ni ciki, domin ina jin Faransanci, ina iya juya shi zuwa Hausa da Dendi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin abin. Yaron mai wasa-wasa ne yau yake tsaye kusa da delege, wakilin gwamnati a unguwa, dattawa suna jiran abin da zai fito daga bakinsa.

A shekarar da nake so in ba ku labari, na kai kaya Tawa, na sauke, ina jiran lodin dawowa. Nan wani mutum ya same ni, Ba'adare ne, ana ce masa Mushe Abdu, wato Malam Abdu a bakin masu Faransanci. Ya yi karatun duwatsu a ƙasar Turawa, kuma yana tare da Nasara biyu. Motarsu ta ɗaukar ruwa ta lalace, suna neman wanda zai kai musu gangunan ruwa da akwatunan katako wani tsauni arewa da gari. Na san motar ba tawa ba ce. Na san kuma lokaci ne da a gida ake yi wa duk mai hulɗa da Nasara kallon ɗan leƙen asiri. Duk da haka na aika Parakou cewa mota ta lalace ina gyara, na bi su.

Tsaunin ba shi da wani tsawo na a zo a gani. Kansa a baje yake kamar tebur, gefensa ruwa ya zaftare shi. Amma in ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai, sai ka ga a jere yake, shimfiɗa kan shimfiɗa, kowace da launinta. Ta ƙasa yumɓu ne mai toka-toka, yana ɓarewa siriri-siriri kamar ɓawon albasa. Bisa ita akwai wata 'yar siririya rawaya, ba ta fi kamu ɗaya kauri ba. Sai yashi ja mai yawa, sannan can sama farin dutse. Na sha wuce irin waɗannan tsaunuka a mota, ban taɓa ganin komai a jikinsu ba sai zafi. Mushe Abdu ya ga ina kallo.

"Idrisu, ka taɓa buɗe adakar tsohuwa?"

"Na taɓa, na sha duka."

"Wane zane ne a ƙasa?"

"Wanda ta fara saya."

"To, adakar Ubangiji ke nan. Na ƙasa ya girmi na sama. Kowace shimfiɗa laka ce ko yashi da ruwa ya kwantar, ta bushe, wata ta hau kanta. Abin da ya mutu a zamaninta yana cikinta."

Ya kai ni wurin siririyar nan rawaya, ya sa tsinin guduma ya ɓalle kaɗan. Wallahi cike take da haƙora. Baƙaƙe, masu sheƙi, wasu kamar ƙayar aduwa, wasu sun kai ɗan yatsa. Ya ce na kifaye ne da wasu namun ruwa masu kama da kada, amma sun fi kamiyona tsawo. Na yi dariya har na riƙe ciki.

"Mushe, teku a Adar? Inda mata ke dambe kan guga ɗaya?"

"Teku, har sau ba ɗaya ba. Ya shigo, ya janye, ya sake shigowa."

"Ruwan Annabi Nuhu ke nan."

"Ya girme shi nesa ba kusa ba. Allah bai fara halitta da mu ba, Idrisu. Mu ne 'yan autan."

Ya ce lokacin da shimfiɗun ƙasa ke kwanciya, a tudu akwai wasu manyan dabbobi da ake kira dinozor, wani sa'in gawarsu takan gangaro bakin teku, laka ta rufe ta. Ya nuna mini gaɓa ɗaya ta ƙashin baya, ta kai akushi, ta zama dutse, na kasa ɗaga ta da hannu ɗaya. Ya ce in ka hau har farin dutsen can na sama, ba za ka ƙara samun ƙashinsu ba ko ɗaya, sun ƙare ƙaf, sai katantanwa da ƙananan halittun ruwa. Nasaran nan biyu kuwa wuni suke yi rub da ciki a rana, suna share ƙasa da ɗan buroshi. In sun fito da ƙashi, sai su naɗe shi da tsumma da farin kwaɓi, kamar masu ɗorin karaya. Na ce wa Mushe Abdu ya gaya musu ɗorin nan ya makara. Da ya gaya musu, ɗayan ya yi ta dariya har tabaransa ya faɗi.

Ban taɓa jin ƙanƙantar kaina ba kamar a kwanakin nan. In na idar da salla a gindin tsaunin, sai in zauna ina duban shimfiɗun, ina tunanin al'ummar da aka yi aka shafe ba wanda ya san sunanta. Ranar da za mu tashi na roƙi in ɗauki wani abu. Mushe Abdu ya ce in tsinci waɗanda suka gangaro da kansu, su ba su da amfani gare su tunda ba a san shimfiɗar da suka fito ba. Na tsinci haƙora kaɗan, da wasu 'yan dunƙulallun duwatsu farare daga saman tsaunin, kamar ƙwan tantabara, kowanne da zanen tauraro a bayansa. Na ƙunshe su a hankici. Tun a wurin na san wadda zan kai wa.

Gwaggo ta zube su a tafin hannunta, ta fita da su haske.

"Babana, wa ya sassaƙa wannan?"

"Ba sassaƙa ba ce, Gwaggo. Halitta ce ta cikin teku, ta mutu ta zama dutse."

"Ka ji yaro. Har da tauraron tutarku a jiki. Su ma kamarad ne?"

Ta sa na ba ta labarin tsaunin tun daga ƙasa har sama, ta sa na maimaita. Matar da ba ta taɓa wuce Kandi ba, sai ga ta tana lissafawa da yatsa, toka, rawaya, ja, fari, tana cewa ikon Allah. Ta samu 'yar tasa mai murfi ta zuba su, ta sa a bayan jeren kwanoninta. Kafin in fita na ce mata, don Allah kada ta gaya wa kowa inda suka fito, domin in maganar ta kai kamfani, aikina ya tafi, wataƙila har da ni.

"Bakina ƙanin ƙafata," in ji ta.

Ku riƙe wannan. Ni na roƙe ta ta yi shiru.

A wannan zamani ne gwamnati ta tashi yaƙi da tsafi da maita. Rediyo ba ta da wata magana. Ana sare manyan itatuwan da ake yi wa yanka, ana tara tsofaffi a gidan delege ana tuhumarsu. Kowace unguwa tana son ta nuna ita ma ba barci take ba. Da damina ta yi nisa, zazzaɓi ya kama Ladi, 'yar Azumi maƙwabciyarmu a gidan hayan. Yarinyar ta saba da Gwaggo, kullum ita ke kankare mata ƙanzon tukunya. Da zazzaɓin ya hau kanta, ta fara sambatu, ba abin da take kira sai Gwaggo, Gwaggo. Ku 'yan yanzu ba lallai ku san nauyin wannan ba. A wurin mutanenmu, wanda maye ya kama yakan kira sunan mayen. Kuma an ce maita ƙanƙara ce, wasu 'yan duwatsu da maye ke haɗiyewa, ya amayo su in ya so, ya ɓoye, ya ba wanda ya ga dama. Azumi ta taɓa leƙawa ta ga Gwaggo tana juya wasu fararen duwatsu a tafin hannu tana magana ita kaɗai. Ga tsohuwa, ga ba miji, ga ba ɗa. Ba a buƙaci ƙari ba.

Da hantsi delege ya zo da mutanen komiti, ina cikinsu. Ɗan ƙabilar Baatonu ne, sunansa Bio, ba mugun mutum ba ne, shi ma tsoron na sama da shi yake ji. Gidan ya cika har kan katanga. Aka fito da kwanonin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, aka samu tasar, aka juye ta kan tebur a tsakar gida. Da haƙoran nan baƙaƙe suka warwatsu, mata suka ja da baya suna salati. Delege ya juyo gare ni.

"Kamarad Idrisu, a ɗakin nan ka tashi. Ka san waɗannan?"

Na sha gaya wa kaina cewa ban samu lokacin tunani ba. Ƙarya ne, na yi tunani sarai. Na tuna motar gwamnati a gindin tsauni da gangunan Nasara a bayanta. Na tuna wani direba abokin aikina da aka tafi da shi kan abin da bai kai wannan ba, iyalinsa suna ta yawon neman inda yake. Na tuna mahaifiyarku, tana tsaye a bakin ƙofa da cikin yayarku Hauwa. Na auna duka, na ga tsohuwa ta fi sauƙin bayarwa.

"Ban san su ba."

Gwaggo ba ta dube ni ba. Teburin take kallo. Delege ya tambaye ta da Faransanci, ni na juya mata.

"An ce a ina kika samo su?"

"Kyauta aka ba ni."

"An ce wa ya ba ki?"

"Wanda ya ba ni ya san kansa."

Gidan ya kaure da ihu. Wata ta ce, "Kun ji! Ai da ma maita bayar da ita ake yi!" Aka fito da Ladi kan tabarma, aka ce sai Gwaggo ta tsallake ta, ta saki kurwarta. Wasu suka ce sai ta tuɓe, haka ake yi. Liman ya tsaya ya ce in aka tuɓe matar nan shi ba zai ƙara ba kowa salla ba, aka bar ta da zanenta, aka fizge ɗankwalinta kawai. Ban taɓa ganin furfurarta a waje ba sai ranar. Delege ya ba da umarni, kuma da bakina ya isa kunnenta. Ni na ce mata ta tsallaka. Ni na ce mata ta ƙara. Ta tattare zane ta tsallaka, tana cewa, "Allah ya ba ki lafiya, Ladi." Daga nan aka kawo guduma aka farfasa duwatsun a kan dandamali, aka share garin aka zuba a masai.

Da yamma uban yarinyar ya saɓa ta ya kai ta asibiti, aka yi mata allurai. Kafin mako ya zagayo tana wasa a tsakar gida. Na yi murna da ta tashi, Allah ya sani. Amma tashinta ne ya rufe maganar. Ba wanda ya tuna allura, kowa tsallakawa ya tuna.

Gwaggo ta ci gaba da turara wasa-wasanta tana kaiwa tasha, tana dawowa da shi yadda ta kai. Direbobin da suka yi shekaru suna ci daga hannunta suka koma zagayawa ta bayan rumfa. Iyaye suna janye 'ya'yansu in ta wuce. Da ta ga haka ta ɗaure kayanta ta ce za ta koma Djougou. Na ɗaukar mata ƙunshin har tasha, ina jira ta zage ni, ko ta tambaye ni dalili. Da muka isa bakin mota ta nuna ƙasa.

"Ajiye nan, kamarad. Na gode."

Labari ya riga ta isa Djougou, domin direbobi ne ke ɗaukarsa. Dangi suka karɓe ta da baki, amma aka ware mata kwano da moɗa. Ba ta daɗe ba ta wuce Kolokondé, wurin wani ɗan'uwan mijinta mai noman doya, ya ba ta bukka a gefen gida. Ni kuwa aka ƙara mini girma a kamfani, na gina gidan nan na Ladjifarani da kuka tashi a ciki. Duk salla ina aika mata turmin zane da sukari, ta aiko da godiya. Ban je ba. Na ce aiki ya yi yawa. Na ce in abubuwa suka lafa zan yi magana. Abubuwa suka lafa, aka daina farautar mayu, na ce ai tone-tone ba shi da amfani. A duk shekarun nan ba ta gaya wa ko mutum ɗaya wanda ya ba ta duwatsun ba.

Sai can da juyin juya halin ya tsufa, albashi ya daina zuwa kan lokaci, kamarad ta koma kalmar zolaya, Allah ya nufe ni da tafiya hajji. Na shiga zagaya gidaje ina neman gafara kamar yadda ake yi, har wanda muka taɓa sa-in-sa kan wurin ajiye mota sai da na je masa. Na dawo gida na ce wa mahaifiyarku na gama da kowa, saura ita da ke gabana. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Za ka je ka tsinci tsakuwa ka jefi Shaiɗan. Wadda ka jefa a nan fa?"

Na ce me take nufi. Ta ce, "Malam, ni na wanke hankicin da ka ƙunso su. Na sani tun ranar. Ni ma shiru na yi, don cikin da ke jikina, kuma nawa alhakin ni zan ɗauka. Amma kada ka hau jirgi da naka."

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a masallacin tsohuwar unguwarmu na faɗi komai, tsaunin, motar, Nasaran, ƙaryar. Na zaci ƙasa za ta tsage. Ba abin da ya tsage. Wasu suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, suna neman takalmansu. Wani ya ce ɗa ne ke son wanke gwaggonsa. Da maganar ta isa kunnen Azumi, cewa ta yi, "To ai dai yarinyar ta tashi." Ƙaryar da na yi da kalma huɗu ta riga ta zama shimfiɗa, wasu shekaru sun hau kanta sun danne. Shi ya sa har ku kuka taso kuka tarar da ita, shi ya sa kuma nake rubuta wannan.

Washegari na kama hanyar Djougou, daga can na bi jar hanya zuwa Kolokondé. Na same ta a ƙofar bukkarta tana feraye doyar da za a shanya. Ta ƙanƙance ƙwarai. Matan gidan suna can gindin mangwaro suna aikinsu tare, ita tana nan ita kaɗai. Ta sa hannu ta kare rana, ta dube ni.

"Lale. Ashe kai ma ka yi furfura."

Na gaishe ta, na ce ina da magana, ko za mu shiga ciki.

"A'a. Waccan a tsakar gida aka yi ta."

Ta ɗaga murya ta kira matan. Suka taso suna jan ƙafa, suka tsaya nesa kaɗan, yara a bayansu. Maigidan ma ya fito da fartanya a kafaɗa.

"Ba sa jin Hausa sosai," in ji ta. "In ka faɗa mini, ka faɗa musu da Dendi."

Gwaggo ta rasu damina biyu bayan wannan rana, kuma matan nan ne suka yi mata wanka. Ba zan rubuta abin da ta amsa mini ba, domin ba na so ku karanta ku ce an daidaita, magana ta wuce. Abin da nake so ku riƙe, ku gaya wa 'ya'yanku, shi ne abin da na faɗa. Na cire hulata, na durƙusa a cikin ɓawon doya, na faɗe shi da Hausa, na sake faɗarsa da Dendi.

"Gwaggo, duwatsun da aka samu a ɗakinki ni na tsinto su a wani tsauni a ƙasar Adar, ni na kawo miki. Halittun teku ne da suka mutu tun kafin a yi mutum, ba su taɓa cutar da kowa ba. Na roƙe ki ki rufa mini asiri, kika rufa. Aka tambaye ni, na ce ban san su ba, alhali na san su, na san ki. Ke kika goye ni, ni kuma na tsaya na ce ki tsallaka. Na ci abincina cikin mutane, na bar ki kina ci ke kaɗai. Ba tsoro kaɗai ba ne, Gwaggo, na zaɓi kaina ne. Ban zo da wani uzuri ba. Ki yafe mini don Allah. In kuma kin ƙi, ba ki zalunce ni ba."